Hanyar Arewa Da Kayan Da Ake Ɗora Wa Mota A Ka



Duk wanda ya san Zongon Lome ya san unguwa ce da ke zaune a bakin hanya, kuma da hanya take ci take sha. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga bakin teku ta miƙe sama da kilomita 600 har Sinkase a kan iyakar Burkina Faso, ta ƙofar gidajenmu ta ratsa. Tun kafin kiran assalatu ake jin gurnanin manyan motocin da suka kwana a Tashar Sahel suna ɗumama inji, waɗansu za su Wagadugu, waɗansu Yamai, waɗansu Bamako. Yaron da aka haifa a nan yakan iya bambanta kukan motar da aka yi wa lodi da ta wofi tun bai haddace Fatiha ba.

Dattawanmu kuwa ba a nan suka buɗe ido ba. Tsohon Zongo a tsakiyar gari yake, ba nisa da babbar kasuwa, inda Hausawa da sauran baƙin arewa suka zauna tun zamanin Jamus. A shekarar 1977 hukuma ta rushe shi, aka kwaso jama'a aka kawo su nan wajen Agoe da Togblekope, kimanin kilomita 15 daga tsakiyar birni, a lokacin da wurin yake kusan daji. Filin da aka tashe su yanzu dogayen gine-ginen bankuna ne a kansa. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna da 'yan kasuwar Zongo a waɗannan shekaru, ya fitar da littafi a kansu a 1983. Abin da aka yi da nufin nesanta mu da gari, cikin ikon Allah, sai ya ajiye mu daidai ƙofar fita zuwa arewa, yau ga shi birnin da kansa ya biyo mu har ya zarce.

To, mutumin da asalinsa fatauci ne, danginsa kuma suna warwatse daga Sokode zuwa Bafilo, daga Camba zuwa Mango, har Gaya da Dosso da Sakkwato, ba ya rabuwa da tafiya. Biki ne, suna ne, ta'aziyya ce, Maulidi ne a Sokode, ko kai yara hutu wajen kakanni. Wanda Allah Ya hore wa, yakan nufi filayen sayar da motocin hannu da ke kusa da tashar jiragen ruwa ya sayi kat-kat, wato irin motar nan mai ja da ƙafa huɗu, Land Cruiser ko Prado ko Pajero ko Patrol, domin ƙauyen da iyaye suke ba lallai kwalta ta kai can ba. Kuma da wuya a yi wata guda da sayen motar ba a fara maganar abin da za a ɗaura mata a ka ba. Mutanen Kano da Zariya kariya suke ce masa, kamar dai ta keke. Mu da ke ƙasar Faransanci bakinmu ya fi sabawa da galeri. A wannan rubutu kariya zan riƙa cewa.

Abin da ya sa na ga ya dace a yi maganarta a mujallar iyali shi ne, kariya tana cikin 'yan abubuwan da maigida ke saye don amfanin iyalinsa amma su iya zama sanadin halakar iyalin. Mota ce cike da mata da yara, a kanta kuma an tula buhunan shinkafa da jarkokin mai da akwatuna. A kan miƙaƙƙiyar hanya ba za ka ji komai ba. Sai ranar da akuya ta gitta, ko ɗan zemijan ya faɗo hanya ba zato, direba ya murɗa sitiyari da sauri, sannan nauyin da ke sama zai ja motar gefe guda. Kat-kat dama doguwa ce, ƙirarta ta sa ta fi ƙaramar mota saurin kifewa, kowane kilo da aka ƙara mata a bisa kuwa ƙara mata wannan hali yake yi.

Kakanninmu fatake sun san wannan ilimi tun ba mota. Ayarin goro da ke tasowa daga Salaga ya ratsa ƙasar Kotokoli ya bi ta Jugu zuwa Kano, ba a ɗora wa jaki kaya sai an shimfiɗa akumari, an auna taiki biyu sun yi daidai, don kada kaya su rinjaya. Jakin da kayansa suka rinjaya shi ne ke tsayar da ayari duka a tsakiyar daji. Unguwar Didawure ta Sokode daga irin wannan zirga-zirga ta samo asali, haka sunan Sansanne-Mango yana ɗauke da kalmarmu ta sansani. Abin mamaki shi ne jikan madugu, wanda kakansa ba ya yarda a ƙara wa jaki ko damin goro ɗaya fiye da ƙarfinsa, shi ne yau yake tsaye yana ba da umarni a ƙara buhu na huɗu a kan mota.

Saboda haka tambayar farko ba ta wajen mai walda ba ce, ta cikin littafin motar ce. Kowane kamfani ya rubuta iyakar nauyin da rufin motarsa zai ɗauka tana tafe. A yawancin motoci adadin yana tsakanin kilo 50 da kilo 100, sai 'yan kaɗan daga cikin manyan kat-kat da suka haura haka. Wanda ya sayi motar hannu ba littafi, ya sa yaro ya nemo masa a intanet da sunan motar da shekararta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, nauyin kariyar kanta yana cikin wannan lissafi. Bugu da ƙari, masu ƙera kariya na ƙasashen waje sukan ce idan za a sauka daga kwalta a rage kashi ɗaya cikin uku, domin duk lokacin da mota ta faɗa rami ta taso, kayan sama sukan doki rufin da ƙarfin da ya ninka nauyinsu.

Bari mu yi lissafin a fili. Alal misali rufin motarka kilo 100 aka yarje masa. Za ka bar kwalta a Sokode ka shiga hanyar ƙauye, saboda haka ya koma kamar 67. Kariyar ƙarfe mai tsawon rufin duka tana iya kai kilo 40. Abin da ya rage maka 27 ke nan. Buhun shinkafa mai kilo 50 shi kaɗai ya kusa ninka wannan. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, ban da nauyin jarkar. Tayar ko-ta-kwana ta kat-kat da ƙarfenta takan haura kilo 30. Idan mai karatu ya tsaya a bakin hanya wajen Togblekope ana jibi Sallah ya dubi motocin da ke wucewa, zai ga da yawansu sun ɗauki ninki uku ko huɗu na abin da aka yarje musu, kuma mafi yawansu za su isa lafiya. Isar da suke yi ɗin ce ke ruɗin mutane.

Har ila yau akwai iyakar nauyin motar gaba ɗaya, wadda ke rubuce a katinta. Mutum bakwai manya sun kusa kilo 500 tun ba a saka ko jakar hannu ba. Kariya wuri take ƙara wa mota, ba ta ƙara wa birki ko sifirin ko taya ƙarfi.

Daga nan sai zaɓi tsakanin ƙarfe da alminiyom, wato goran-ruwa. A nan ne ake yawan gardama a majalisa, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Alminiyom nauyinsa kusan sulusin na ƙarfe ne, kariyarsa takan tsaya wajen kilo 20 zuwa 25, ka ga ta bar maka sararin kaya. Kuma ba ya tsatsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a Lome. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, ga laimar damina biyu a shekara; wanda ya taɓa ganin yadda ƙofar ƙarfe ke ruɓewa a unguwannin bakin ruwa kamar Kodjoviakope ko Ablogame ba ya buƙatar a yi masa bayani. Mu a Zongo muna da ɗan nisa da teku, amma motar ai kullum tana kasuwa ko tashar jiragen ruwa. Aibin alminiyom biyu ne: tsada, da kuma cewa idan ya tsage a hanya ba kowane mai walda ke da injin ɗinke shi ba. Kariyar ƙarfe kuwa ko a ƙaramin gari ta karye, in dai akwai wuta ko janareta, za a sami wanda zai liƙa ta kafin ka idar da sallar la'asar.

Ni dai a nawa ganin, wanda tafiyarsa ba ta wuce Sokode da Kara da Dapaong a kan kwalta, sau biyu ko uku a shekara, sanduna biyu na alminiyom da aka gitta a kan rufin sun ishe shi, ko ƙaramar kariya mara nauyi. Wanda kuwa yake shiga ƙauyukan Basar da Dankpen, ko ya bi ta Kante zuwa Nadoba a ƙasar Tambarma, inda gidajen ƙasa masu kama da ganuwa suka sa UNESCO ta sanya yankin Kutammaku cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, to ƙarfe ya fi masa kwanciyar hankali. Sai dai ya zama bututun ƙarfe mai rami a ciki, ba rodin gini ba. Na ga kariyar da aka yi da rodi da ƙarfen kwana mai kauri, wadda sai ƙarti huɗu suka ɗaga ta da nishi. Irin wannan ta cinye rabon kayan tun ba a ɗora komai ba.

Masu walda a Zongo da Agoe, da waɗanda ke wajen 'yan kayan gyaran mota a Akodesewa, akwai gwanaye a cikinsu ƙwarai, kuma ba na cikin masu raina aikin gida. Amma mai walda abin da ka nema yake yi maka, kuma mafi yawan masu zuwa wurinsa cewa suke a yi musu mai ƙarfi, babu mai cewa a yi masa mara nauyi. Idan ka je, ka tafi da adadi a bakinka, ka ce kada ta wuce kilo kaza, in an gama kuma a ɗora ta a sikelin 'yan buhu ka gani da idonka kafin a yi fenti. A shafa mata jan fentin nan mai hana tsatsa kafin baƙin, a kuma toshe bakin kowane bututu, don ruwan da ya shiga ciki daga ciki yake cin ƙarfe, ba ka sani ba sai ranar da ƙafa ta ɓalle.

Ƙafafun su ne asirin abin duka, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tsofaffin motoci irin su Land Cruiser 70 da 80 da tsohuwar Patrol suna da ɗan magudanar ruwan sama da ya zagaye gefen rufin, a nan ake maƙala ƙafafun kariya a ɗaure da noti. Wuri ne mai ƙarfi, amma yana son ƙafafu da yawa, uku ko huɗu a kowane gefe, masu faɗin tafi, domin nauyin ya bazu. Ƙafa biyu sirara a kowane gefe za su lotsa magudanar, wata rana su tsaga ta. Sababbin motoci ba su da wannan magudana. Kamfani ya tanadi wuraren ɗauri a ƙarƙashin wata baƙar roba da ta bi tsawon rufin, nan kaɗai ya kamata a ɗaura. Sandunan ado da ke zuwa da waɗansu motocin, masu bin tsawon rufi, ba dukansu aka yi don ɗaukar nauyi mai yawa ba. Abu biyu kuma kada maigida ya yarda da su ko da an yi masa rangwame: huda rufin mota a inda kamfani bai tanada ba, da liƙa kariya da walda a jikin motar. Na farko yoyo zai jawo, damina ɗaya ta isa rufin ya fara ruɓewa daga ciki. Na biyu kuwa jikin mota yana ɗan murɗawa a kan gargada, abin da aka liƙa masa ƙam ba ya murɗawa tare da shi, ƙarshenta ɗaya daga cikinsu ya tsage, kuma yawanci rufin ne.

Yanzu sai mu hau hanya. Daga Zongo zuwa Tsevie da Notse har Atakpame, kimanin kilomita 160 daga Lome, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, abin da zai dame ka shi ne manyan motoci da iskar da suke bugowa idan kun yi kiciɓis. Mota mai tulin kaya a ka takan yi rawa a wannan iska, direba ya ji sitiyari ya yi masa sako-sako a hannu. A nan ne kuma za ka gane kariya tana shan mai, ko da ba kaya a kanta, balle an yi mata tozo. Wannan yanki ne ambaliyar watan Yulin 2008 ta karya gadar Amakpape, hanyar arewa ta yanke, motoci suka koma zagaye ta Kpalime. Waɗanda suka yi tafiya a wannan damina sun ga yadda motocin da aka yi wa lodi a sama suka sha wuya a hanyoyin ratse.

Bayan Anie da Blitta da Sotouboua sai Sokode, kimanin kilomita 340 daga Lome, garin masallatai, inda Bahaushe ba ya jin baƙunta. Daga nan ƙasa take fara tashi. Tsakanin Sokode da Bafilo ne tsagin dutsen Alejo yake, inda aka sare dutse hanya ta bi ta tsakiyarsa, bango dama bango hagu. Shekara da shekaru wurin nan yana cin manyan motoci, wata birki ya tsinke mata a gangara, wata ta kasa hawa ta komo da baya. A tsakiyar shekarun 2010 aka gina hanyoyin kewaye a Alejo da kuma Defale, can gaba da Niamtougou, abin ya yi sauƙi ƙwarai. Amma kewayen ma hawa da gangara da kwana ne, ba a daidaita duwatsun ba. Mai kaya a sama ya sauko da babbar giya tun kafin gangara, ya bar inji ya riƙe motar, ya shiga kwana a hankali kamar mai ɗauke da tulu. Wanda ya ga dama ya bi tsohuwar hanya don yara su ga tsagin, wuri ne da ya cancanci a tsaya a yi tasbihi, sa'an nan a gangara Bafilo a sayi zanen saƙi.

Inda kariya ke shan jarrabawa ta gaskiya shi ne hanyar burji da rani, wadda ta yi kunya-kunya kamar kwanon rufi. Girgizar nan mai ɗorewa tana kwance noti komai ɗaurinsa. Saboda haka a sa wa kowane noti wasa mai hana kwancewa, ko a yi masa biyu, kuma sifana mai daidai da shi ta zauna a aljihun ƙofar direba. A duba a Tsevie bayan an biya kuɗin hanya a Davie, domin igiya takan saki a farkon tafiya. A sake dubawa duk inda aka tsaya salla. A kuma duba kafin a sauka daga kwalta. Robar tsohon tiyub da 'yan tasha ke ɗauri da ita tana da kyau wajen danne tamfol kada iska ta kaɗa shi, amma ba ta hana kaya zamewa gaba idan an taka birki da ƙarfi. Wannan aikin igiya ce mai kyau ko madauri mai ƙugiya.

Ƙa'idar jera kaya ɗaya ce: mai nauyi ƙasa, mara nauyi sama. Shinkafa, sukari, mai, siminti, duk cikin mota, a ƙasa, kusa da tsakiya. Katifa, tabarmi, barguna, jakunkunan tufafi, robobin wanka da kwanukan amarya, su ne 'yan sama. Tukunyar gas da jarkar fetur ba su da wuri a rana tsaka a kan rufi. Wanda zai wuce Mango zuwa Dapaong ya tuna cewa tun watan Yunin 2022 aka kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a jihar Savanes, aka kuma yi ta sabunta ta, shingayen bincike sun yawaita. A ɗaure kaya yadda za a iya buɗewa a nuna a mayar ba tare da an sauke duka ba.

Akwai wata matsala kuma wadda ba ta cikin littafin kowane kamfani, ita ce saƙo. A Zongo ba a ɓoye tafiya. Da zarar an ji Alhaji zai tafi Sokode ranar Alhamis, daga daren Talata ƙulle-ƙulle za su fara shigowa. Wannan gwaggo ce ta aiko da garin rogo a kai wa 'yarta, wannan maƙwabci ne da katan ɗin sabulu, wannan kuma malamin yara ne da buhun da ba a san abin da ke ciki ba. Zumunci ne, ba kuwa wanda yake son a ce ya ƙi ɗaukar saƙon dattijuwa. Idan maigida ya ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, mota ta cika," sai ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan nan, ga wuri can a sama." Shi ya sa nake ba da shawarar kada a sayi kariya mai tsawon rufin duka, a tsaya a rabi ko kashi biyu cikin uku, mai gajeren bango. Abin da bakinka ke jin nauyin faɗa, kariyar sai ta faɗa a madadinka. Saƙon da ya rage kuwa a kai shi tashar Agbalepedogan a biya masa kuɗin mota, ya fi araha nesa ba kusa ba a kan sifirin da zai karye. Uwargida ma tana da hannu a nan, domin yawanci ta wurinta saƙonnin ke biyowa, kuma ita ce za ta zauna a ƙarƙashinsu da 'ya'yanta.

Dawowa ta fi tafiya haɗari, domin a lokacin an gaji, kuma arewa ba ta sallamar baƙo hannu wofi. Doyar Basar, buhun gawayi, dawa, zabi a kwando, man kaɗanya. Doya tana da nauyin da ido ba ya gani, ƙwarya ɗaya ta manyan doya ta fi ƙarfin kowane rufi. Gabanin Babbar Sallah kuma sai ka ga an ɗaure rago a kan kariya, saboda ya fi araha a can bisa ga Gbosime ko kasuwar dabbobi ta Adetikope. Wannan ina roƙon 'yan uwa su bari. Dabba ce mai rai za ta yi awa shida ko bakwai a ɗaure cikin rana da iska, ƙafafunta a kan ƙarfe mai zafi, alhali addininmu ya hore mu da kyautata wa abin yanka. Ban da haka, malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa dabbar da gurguntakarta ta fito fili ba ta isar wa layya, ragon da ya karye a hanya kuwa ya jawo asara biyu. In ba wuri a bayan mota inda zai kwanta a kan ciyawa, a bar wa masu motocin dabbobi su kawo shi.

Idan an iso gida lafiya, kafin a shiga da mota a tuna tsawonta ya ƙaru. Kat-kat da kanta ta kusa mita 2, da kaya kuwa takan kai biyu da rabi, ga ƙofar gareji, ga wayoyin wuta da suka yi ƙasa a lungunan Zongo. A sauke kaya a waje. Sa'an nan a wanke kariyar, musamman ƙarƙashin ƙafafunta inda jar ƙasa ke maƙalewa ta riƙe laima, a duba ko walda ta fara tsagewa, a taɓa fenti inda ya kankare. Wanda ba zai sake tafiya ba sai bayan watanni, ya kira samari su sauke ta gaba ɗaya, a jingine ta a inuwa a kan katako, a shafa wa notocin giris a zuba su a gwangwani guda, a rubuta wace ƙafa ce ta gaba wace ce ta baya.